Alƙalami Kafin Na'ura: Nasiha ga Matasan Malaman Sashen Kasuwanci

'Ya'yana, matasan malamai maza da mata da Allah ya ɗora wa koyar da ɗaliban kasuwanci da na akanta a jami'o'inmu da kwalejojinmu.  Na daɗe a cikin wannan sana'a kafin ƙarfi ya fara ja da baya, shi ya sa nake ganin akwai 'yar magana da ya kamata in bar muku. Shawara ce irin ta dattijo, ku tsinci abin da zai amfane ku.

Maganar tawa a kan darussa biyu ce da kowane ɗalibin digirin farko a sashenmu yake ratsawa ta cikinsu: darasin kwamfuta da fasahar sadarwa, da darasin sarrafa kuɗi. Yadda aka saba, na farkon a aji ɗaya ko aji biyu ake yin sa. Malami ya zo daga wani sashe ya karanta wa yara sunayen sassan kwamfuta da tarihinta, su haddace, su rubuta jarrabawa a takarda. Na biyun kuma sai can gaba, a cika allo da ƙa'idojin lissafi, su ma a haddace. Ɗalibi ya ci duka biyun da maki mai kyau, ya gama hidimar ƙasa, ya sami aiki a kamfani ko ya koma shagon mahaifinsa. Ranar da maigida zai ce masa, "Zauna ka fitar mana da abin da zai shigo da abin da zai fita daga yau zuwa wata shida," sai ido ya raina fata. Ya san kwamfuta, ya san ƙa'ida, amma ba a taɓa haɗa masa su a kan tebur ɗaya ba. Yaron ba shi da laifi. A rabe aka ba shi karatun, a rabe ya riƙe shi.

Don haka ga inda nasihata ta taru: ku haɗa darussan nan biyu su zama aiki guda. Ku fara da alƙalami kafin na'ura, ku gina karatun a kan kasuwar da yaran suka sani, sannan ku ɗaure shi duka da amana.

Na ce a fara da alƙalami domin rubuta kuɗi ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma ɗalibanmu da yawa sun haddace ta tun suna ƙanana ba tare da an taɓa nuna musu alaƙarta da abin da suka zo koya ba. Tsarin da muke koyarwa yau, wanda ake shigar da kowace mu'amala wuri biyu, inda kuɗin ya fito da inda ya shiga, fataken Italiya ne suka daɗe suna aiki da shi, har wani malamin lissafi mai suna Luca Pacioli ya tattara shi a littafin da aka buga a birnin Venis a 1494. Hikimar tsarin ita ce littafin da kansa yake tona kuskure: idan ɓangarorin biyu ba su zo daidai ba, ka san akwai abin da ya ɓace. Manhajojin akanta na yau irin su QuickBooks da Sage da Tally wannan tsarin ne a cikinsu, sai dai sun ɓoye shi a bayan maɓallai. Yaron da bai taɓa daidaita ɓangarorin nan da hannunsa ba zai iya danna maɓalli rahoto ya fito, amma ranar da rahoton ya zo a karkace ba zai san ta inda zai fara bincike ba. Ku bar su makonnin farko da biro da takarda mai layi. Su kwana neman naira 500 da ta ƙi daidaituwa har su gano inda ta maƙale. Wanda ya taɓa shan wannan wahala ba ya mance darasinta.

Idan hannu ya faɗa, sai ku kai su ga na'ura, ku kuma ba su labarin yadda jadawalin lissafi na kwamfuta ya samo asali, domin a aji irin naku aka yi tunaninsa. A 1978 wani ɗalibi mai suna Dan Bricklin yana karatun kasuwanci a jami'ar Harvard ta Amurka. Ya ga yadda ake cika allo da alƙaluma, in an canza lamba ɗaya sai an goge an sake lissafa duk waɗanda suka rataya a kanta. Shi da abokinsa Bob Frankston suka haɗa manhajar VisiCalc, ta fito a 1979 a kan kwamfutar Apple II. Bayanta Lotus 1-2-3 ta zo a 1983, Excel kuma a 1985. Abin da wannan manhaja ta kawo wa ɗan kasuwa ya wuce saurin tarawa da ɗebewa, ta ba shi damar gwada gobe tun yau. Idan farashin dizal ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 fa? Idan babban kwastoma ya yi jinkirin biya da wata guda fa? Idan dala ta tashi kafin kaya su iso fa? A canza gurbi ɗaya, a ga yadda sauran za su motsa. Sarrafa kuɗi kuwa, in an tace shi, shiri ne domin irin waɗannan tambayoyi kafin su zama gaske. Saboda haka duk ƙa'idar da kuka rubuta a allo da safe, ku sa ɗalibi ya gina ta a Excel da kansa kafin mako ya fita, ya jujjuya alƙalumanta har ya ji yadda take numfashi.

To, da waɗanne alƙaluma zai yi wannan gwaji? Manyan littattafan da muke karantarwa yawancin misalansu na kamfanonin Amurka da Ingila ne, inda a mafi yawan shekaru farashi ba ya tashi sosai, wuta ba ta ɗaukewa, kowane ciniki kuma yana da rasit. Littattafan suna da amfani, a karanta su. Amma ɗalibin da ke zaune gabanku ya tashi ne yana ganin Kantin Kwari da Singa da Dawanau, ko babbar kasuwar garinsu. Kasuwanci ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Alhassan Dantata da fataucin goro zuwa Gwanja ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya shiga cinikin gyaɗa, da bankin Turawa wanda ya zama First Bank na yau ya buɗe reshe a Kano a 1929, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20. Duk sabon abin da zamani ya kawo ya karɓe shi ya ci moriyarsa, domin ya riga ya fahimci tafiyar kuɗi. Irin wannan ɗalibi muke fatan fitarwa.

Darasi na farko da kasuwarmu za ta koya musu shi ne riba daban, kuɗi a hannu daban. Ku ba su misalin mai shagon atamfa da ya saro kayan naira miliyan 10, ya sayar da su duka cikin wata guda a kan miliyan 11. Littafi ya nuna ribar miliyan 1, kowa ya yi murna. Amma miliyan 6 daga cikin cinikin bashi ne, abokan hulɗarsa na Maraɗi da Zinder da Injamena sun ɗauka sai bayan wata biyu za su biya. Abin da ke hannunsa miliyan 5 ne, ga kuɗin haya ya zo, ga haƙƙin yaran shago, ga kayan Sallah da dole a saro yanzu ko kasuwa ta wuce shi. Mutum ne mai riba wanda ba shi da kuɗi, kuma shaguna da yawa a wannan gaɓa suke durƙushewa. Ku sa ɗalibai su jera watanni shida a jadawali, su rubuta kowane kuɗi a watan da zai shigo hannu da gaske, su gano da idonsu watan da aljihu zai bushe. Daga nan sai muhawara ta tashi a aji: a rage bayar da bashi, ko a gajarta wa'adinsa, ko a roƙi mai kaya ya ɗaga ƙafa? Sarrafa jarin yau da kullum ke nan, babin da suke haddacewa ba su san amfaninsa ba.

Darasi na biyu hauhawar farashi. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma take sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma a Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan yanayi lissafin riba na gargajiya yana yaudara. Ɗan kasuwar hatsi ya sayi buhu 100 a kan naira 40,000 kowanne, ya sayar a kan 46,000, ya ga ribar naira 600,000, ya kashe ta a hidimar gida. Da ya koma saro kaya ya tarar buhu ya zama 50,000. Uwar kuɗinsa miliyan 4 yanzu buhu 80 kawai za ta saya. Bai yi almubazzaranci ba, ba a yi masa sata ba, amma kashi ɗaya cikin biyar na jarinsa ya tafi. Ko da bai taɓa ribar ba, buhu 92 zai samu. Ɗalibin da ya gina wannan misali da hannunsa zai koma gida ya ce wa mahaifinsa, "Baba, mu riƙa sa farashi da kuɗin da za mu sake saro kaya, ba da wanda muka saya jiya ba." Ranar nan kuɗin makarantarsa ya fara biyan kansa.

Hanyar da na ga ta fi kowace tasiri ita ce a raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya nemi wata ƙaramar sana'a ta gaske ya bi ta tsawon zangon karatu, da yardar mai ita. Mai gidan biredi, mai ɗinki, mai POS na bakin ƙofar makaranta, uwar gida mai sana'ar ƙuli-ƙuli ko turaren wuta a cikin gida. Su rubuta shige da fice, su fitar da kuɗin da ake kashewa a kan kowane abu guda, su gano yawan cinikin da za a yi kafin a mayar da kuɗin da aka kashe. Abin da za su fara cin karo da shi kusan ko'ina ɗaya ne: aljihun mai shago da aljihun shago a haɗe suke, kuɗin cefane da na biki da na asibiti duk daga akwati ɗaya ake ɗiba ba tare da rubutu ba. Ku ja musu kunne su shiga da ladabi. Wanda ya riƙe shago shekara 20 ya san abubuwan da ba su cikin littafi, kuma sirrin kasuwarsa da ya buɗe musu amana ce, ba abin hira a ɗakin kwana ba. Gani ya kori ji. Zango ɗaya a irin wannan aiki ya fi tarin laccoci.

Yanzu ga abin da nake so ku dasa a zukatansu da kyau: kada su gaskata lamba don kawai daga kwamfuta ta fito. Kwamfuta kamar injin niƙa take, in ka zuba dawa da tsakuwa ba za ta tsaya tsince maka ba, garin zai fito da laushinsa, sai an kai baki a gane. A 2010 wasu manyan masanan tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da binciken da ya nuna cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasarta takan tsaya cik. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka yi ta kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, wanda aka ba aikin aji na ya sake lissafin, ya ga amsarsa ta ƙi haɗuwa da tasu. Da ya karɓi jadawalinsu na Excel sai ya tarar fomular ta tsallake layukan ƙasashe biyar. Da shi da malamansa suka gyara wannan da sauran matsalolin da suka gano, sai bunƙasar ta koma kashi 2.2 cikin 100. Haka a Ingila, a Oktobar 2020, sakamakon gwajin korona kusan 16,000 ya faɗi daga lissafin hukuma saboda an yi amfani da tsohon samfurin fayil ɗin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Ku ba su labarin Herndon musamman, su san cewa ɗalibi mai haƙurin bin layi ɗaya bayan ɗaya yana iya ganin abin da ya kuɓuce wa farfesa.

Daga nan sai ku koya musu ɗabi'un mai lissafi na ƙwarai. Ya ƙiyasta amsa da ka kafin ya dubi allon kwamfuta. Ya ware alƙaluman da ake shigarwa a wuri ɗaya, kada ya binne lamba a cikin fomula inda ba mai ganinta. Ya tara ta tsaye ya tara ta kwance ya ga sun haɗu. Ya ba ɗan'uwansa aikinsa ya duba. Lokaci-lokaci ku ba su jadawalin da kuka dasa wa kurakurai da gangan, makinsu ya zama gwargwadon abin da suka tono. Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da suka bazu tun ƙarshen 2022, hana yara taɓa su ba zai yiwu ba, kuma a wurin aiki za su same su. Maganin abin mai sauƙi ne: duk wanda ya kawo aiki ya tsaya gaban aji ya yi bayanin kowane layi da bakinsa, ku canza masa lamba ɗaya nan take ya faɗi abin da zai biyo baya. Wanda ya fahimta zai amsa, wanda ya kwafo zai gane cewa kansa ya cuta.

Sai babban al'amari, wato amana da tsare ta. Bankin Barings na Ingila an kafa shi tun 1762, amma a 1995 ma'aikaci ɗaya, Nick Leeson, a ofishinsu na Singafo ya rusa shi da asarar fam miliyan 827, har aka sayar da bankin a kan fam 1. Abin ya yiwu ne domin shi ke yin cinikin, shi ne kuma shugaban masu rubuta shi da tantance shi, sai ya riƙa tura asara cikin wani ɓoyayyen asusu ba mai dubawa. A nan gida ma, a Agustan 2009 Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba naira biliyan 420 domin ceto su, bayan bincike ya nuna tarin bashin da ba a biya wanda rahotanninsu ba su bayyana yadda ya kamata ba. Ƙa'idar da za a ɗauka ɗaya ce: mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai dubawa daban. A cikin manhaja kuwa, kowane ma'aikaci da sunansa da lambar sirrinsa da iyakar abin da aka yarje masa ya taɓa, kuma duk wanda ya goge ko ya canza wani abu sawunsa ya zauna. Kun ga a nan darasin kwamfuta da na kuɗi sun zama abu guda.

Akwai wani abu namu da sai kun yi magana a kansa da hikima, wato kunya. Maigida yakan ji nauyin ce wa ƙanensa ko surukinsa ya kawo littafi a duba, kada a ce yana zarginsa. A haka shekaru suke wucewa, ranar da asara ta bayyana sai dukiya ta tafi, zumunci ya bi ta. Ku nuna wa ɗalibai cewa bincike na yau da kullum mai gaskiya yake karewa kafin kowa, domin ranar da aka yi masa ƙazafi littafi ne zai wanke shi. Idan duba littafi ya zama al'adar kowane ƙarshen wata, kan kowa da kowa har da maigida, ba wanda zai ɗauke shi cin fuska.

Duniyar da za su shiga aiki ta riga ta koma cikin na'ura. Lambar BVN ta zo a 2014, asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya ya tabbata a 2015, albashin ma'aikata ya koma tsarin IPPIS domin toshe ƙofar ma'aikatan bogi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya sa har mai shayi da mai kayan miya suna karɓar taransifa. Kowace sabuwar ƙofa kuma da nata ɓarawon. Ku koya musu kada a saki kaya saboda alat ya shigo waya ko an nuna hoton rasit, sai an buɗe asusu an ga kuɗin a zaune. Kowace yamma a gwada abin da littafi ya ce da abin da banki ya ce. Lambar sirri da lambar da banki ke turowa ta waya ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake kira. Sunayen kwastomomi da lambobinsu amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar ƙasa da take kare su. A kuma ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban da shago. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san cewa wuta ba ta bambance kaya da littafin bashi, ba ta kuma bar kwamfutar da ke kan tebur.

Ku tuna kuma cewa kowane ɗalibinku shi za a riƙa tambaya a gidansu da unguwarsu, "Wane, wannan harkar ta zuba kuɗi gaskiya ce?" MMM ta yi wa mutane alkawarin kashi 30 cikin 100 duk wata, ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016. A Afrilun 2025 CBEX ta sake tafiya da dukiyar bayin Allah. Maimakon dogon wa'azi, ku sa su buɗe jadawali su zuba naira 100,000 a kan kashi 30 duk wata. A shekara ɗaya ta haura miliyan 2.3, a shekara biyu miliyan 54, a shekara uku ta wuce biliyan 1.2. Sai ku tambaye su wace sana'a ce a bayan ƙasa take haifar da haka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka manhajojin bashi na waya da suke cewa kashi 5 ne kacal a wata: su lissafa su ga kashi 60 ne a shekara, in kuma ruwan yana hawa kan ruwa ya kusa 80. Wanda yake gudun kuɗin ruwa saboda addininsa shi ya fi kowa buƙatar iya lissafinsa, domin ya gane shi ko da an sauya masa suna.

Kada kuma ku bar hada-hadar kuɗi ta Musulunci a matsayin babin ƙarshe da ake tsallakewa in lokaci ya ƙure. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017 domin gina hanyoyi, kuma wuraren nan suna neman matasan da suka iya aikin. Ku sa su gina jadawalin murabaha, inda banki ya sayi injin a miliyan 1 ya sayar wa mai sana'a a miliyan 1.2 a biya cikin wata 12, su kwatanta shi da bashin banki na yau da kullum, su ga wa ke ɗauke da haɗari a kowanne. Su koyi fitar da zakkar kayan kasuwanci, kashi 2.5 cikin 100, wadda ba ta fituwa daidai sai an ƙirga kaya da kuɗi da bashi. Ɗalibai Musulmi da Kirista duka za su amfana, domin kasuwa ɗaya za su shiga.

Na san za ku ce, "Baba, aji ɗaya ɗalibi ɗaruruwa, kwamfutocin da ke aiki ba su taka kara sun karya ba, wuta kuma sai an gani." Gaskiyarku. Amma ku duba abin da ke hannunku. Yawancin yaran suna da waya mai intanet, Google Sheets tana aiki a waya, LibreOffice kuma kyauta ce, ba ta buƙatar data. Ku raba su ƙananan rukunai, ku tabbata ana karɓa-karɓa wajen riƙe na'urar, domin in an bar su, wanda ya riga ya iya shi zai yi ta dannawa sauran suna kallo. Ku kula musamman da wanda ya fito daga karkara, wanda watakila ranar jarrabawar JAMB ce ranar farko da ya zauna gaban kwamfuta, da 'yan matan da kunya take sa su ja baya. Kada wanda ya yi musu dariya a gabanku. In Turanci ya tsaya wa yaro a wuya, ku warware masa da Hausa ko da harshen da yake ji, sannan ku mayar da shi ga kalmar da zai tarar a jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ANAN.

Ɗalibi abin da za a tambaye shi a jarrabawa shi yake karantawa. In dai a takarda za a ce ya kawo ma'anar jadawalin lissafi, ma'anar zai haddace. Ku ware wani kaso na maki ga aikin hannu, ko da rukuni-rukuni za a yi shi cikin kwanaki. Sabon tsarin karatu da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, ga ƙofa a buɗe ga duk sashen da yake son ya haɗa darussan nan. Kafin ma a kai ga majalisar jami'a, malamin kuɗi yana iya takawa ofishin malamin kwamfuta a wannan zangon, su zauna su tsara aikin gida guda ɗaya da za su duba tare. Daga nan ake farawa.

Abu na ƙarshe ya shafe ku da kanku, 'ya'yana. Ba za ku koyar da amana da baki ba alhali yara suna kallon yadda kuke riƙe taku. Makin ɗalibi amana ne, lokacin lacca amana ne, kuma malamin da ya tilasta sayen handaut ya rushe duk abin da ya faɗa a kan gaskiya cikin lissafi. Ku ci gaba da koyo, domin manhajar da kuka ƙware a kanta yau za ta tsufa, kuma ba abin kunya ba ne ɗalibi ya nuna muku wata dabara a waya. Ku gode masa a gaban aji. Cikin yaran nan akwai wanda zai riƙe baitulmalin jiha, akwai wadda za ta duba littafin asibiti, akwai wanda dukiyar marayu za ta zauna a hannunsa. Abin da kuka shuka musu yau mutanen da ba za su taɓa jin sunanku ba ne za su girbe shi.

Allah ya sa albarka a iliminku da albashinku, ya ba ku haƙurin zama da ɗalibai, ya shirya mana su su zama masu gaskiya da riƙon amana. Allah ya tsare hannuwanku da nasu daga haƙƙin mutane, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.